Sallama Kafin Shiga

Atika ta Runjin Sambo ba ta da yawan magana, amma a kan aiki ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Sana'arta rubuta manhajar ƙananan na'urorin da ke kunna injin ban-ruwa a fadama. Ta tashi a gidan da ba a wuce zaure sai an amsa sallama, kuma da wannan tarbiyyar take aiki.

A sana'arsu akwai manuni mai rauni. Kwatance ne na inda bayani ke zaune cikin ƙwaƙwalwar na'ura, sai dai ana iya share bayanin, kwatancen yana nan.

Wata rana abokin aikinta Badaru ya sa manhaja ta bi irin wannan manuni ba tare da duba ko bayanin yana nan ba. Na'ura ta tarar da wayam, ta sandare, albasar wani manomi ta wuni babu ruwa.

Badaru ya rantse jiya bayanin yana nan.

Atika ta jawo kwamfutarsa gabanta, ta ƙara wa manhajar layi biyu masu duba ko bayanin yana nan kafin a bi manunin. Ta ce, "Jiya ce yau? Ka yi sallama tukuna, malam. In anka amsa, ka shiga. In ka ji shiru, ka juya da mutuncinka."