Wankan Jegon da Na Yi wa Wadda Ba Ta Haihu Ba

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Wannan da kuke karantawa da baki na faɗa, 'yata ta rubuta, na kuma ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Shekaru masu yawa sana'ata wankan jego ce a Unguwar Mu'azu, har daga Kakuri da unguwar Television ana aikowa a ɗauke ni, gidan musulmi da gidan kirista. Mace idan ta zauna gaban ruwan zafi ana fyaɗa mata ganyen darbejiya, bakinta buɗewa yake. Na ji abin da miji bai ji ba, na ji abin da uwa ba ta ji ba. A lokacin an san ni da riƙe baki, shi ya sa ake kirana.

Da mijin 'yata ya rasu sai ta dawo gabana da 'ya'ya uku. Ba ta da jari sai wayar hannunta da ɗan karatun da ta yi, sai ta kama rubuta labarai tana turawa wani guruf na mata, mai son jin ci gaba ta biya. Ta daɗe masu karatunta ba su taka kara sun karya ba. Bayan la'asar muna tsintar shinkafa takan karanta mini, kullum wani Alhaji ne mai gidan sama a Abuja da motoci jere. Na ce mata ita da ko tashar Abuja ba ta sani ba, ina ruwanta da gidan sama, labarinta ba gishiri. Ta yi dariya ta ce to Inna ta kawo gishirin. Sai na fara ba ta na wajena, na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Mata suka fara shigowa. Tana karanta mini abin da suke cewa, wata daga Kano, wata daga Maraɗi, wata ta rantse ta ƙona miya saboda labarin. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, ga maganata ta tsallaka ƙasa. Daɗin da na ji ke nan, kuma shi ya kai ni.

Da na matattu suka ƙare sai na taɓa na rayayyu. Ina da wata aminiya, tun muna amare muke tare, Yaya take ce mini. Ta yi shekara goma a ɗakin miji ba haihuwa, dangin miji suna ta magana. Ƙanwarta a Kakau ta yi ciki, mijin ya tafi kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ga ta da ciwo. Aminiyata ta tafi jinya ta yi watanni, ƙanwar ta haifi mace, kwana biyu ta cika. Sai aminiyata da mijinta suka dawo da jaririyar suka ce goyon ciki ta je. Ni kaɗai suka faɗa wa gaskiya, don ba a haihuwa a unguwa a rasa ganin hayaƙin wanka. Kwana arba'in ina hura wuta safe da yamma, ina dama kunun kanwa, ina shigo da madarar gwangwani a ƙarƙashin mayafi. Kwanakin farko turmi nake fyaɗa wa ganyen don maƙwabta su ji ƙara ta katanga. Rana ta huɗu ta ce in ajiye turmin in yi mata a jikinta, tana so ta ji abin da mata ke ji. Na yi mata. Yarinyar kuwa da cindo ta zo a hannun hagu, na ɗaure shi da baƙin zare, ranar suna wanzami na cikin aski ya faɗo masa a cinya, aka yi ta dariya. Da wannan labarin ake tsokanarta har ta girma.

Duk na kwashe na ba 'yata, ban faɗa mata ko su waye ba. Ta canza gari, ta canza sunaye, ta ce za ta cire maganar cindon da wanzamin, don irin wannan alama ce, wani zai iya ganewa. Ni na hana. Na ce mata labarin da ba shi da tabo ba ya zama a kan mutum, masu cindo kuwa sun cika duniya. Ta ce Inna ta tabbata, na ce na tabbata. A raina ina ganin shekara talatin ta wuce, kuma me zai haɗa gidan aminiyata da karatun waya.

Ashe yarinyar tana cikin guruf ɗin. Ta yi aure a Television, tana ɗauke da cikin fari. Ta aiko wa 'yata saƙo ita kaɗai, cikin ladabi, tana tambayar Anti inda ta samo labarin. 'Yata ta ce ƙirƙira ce. Sai yarinyar ta tashi. Ta hau keke napep ta je gidansu, ta tambayi uwar me ya sa aka sa mata sunan ƙanwar da ta rasu a Kakau, kuma a wace shekara ta rasu.

Da hantsi aminiyata ta shigo gidana. Ta zauna a tabarma, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gwiwata, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce ta faɗa wa yarinyar gaskiya, don ba za ta rantse a kan ƙarya ba. Ta ce dama ta yi niyyar faɗa mata da bakinta idan ta haihu, ranar da ta ɗauki nata ɗan a hannu, lokacin da za ta gane. Shekara talatin tana tanadin wannan ranar, ta ce, ni kuma Yaya na ɗauka na raba wa mutanen da ba su san ta ba. Ba ta ɗaga murya ba. Na kawo mata ruwa ta sha rabi, ta ce a gaida yara, ta fita.

'Yata ta goge labarin a ranar, amma an riga an kwafe shi, yana yawo daga waya zuwa waya, har wata na karanta shi da murya. Shi ne ya jawo mata yawancin masu karatun da take da su yau, kuma da su ake ɗora tukunya a gidan nan. Ina ci, na san daga inda ya fito. Yarinyar ta haihu lafiya, amma ba ta zo gida wanka ba, a wajen uwar mijinta ta yi arba'in. Aminiyata ta je suna ta zauna cikin baƙi. Na je ba ta haƙuri sau uku, duk ukun ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Sai dai yanzu a gidan rasuwa muke haɗuwa, mu gaisa, kowa ta nemi wurin zamanta.

Abin da na gane a tsufana shi ne riƙe bakin da ake yabona da shi ba a taɓa gwada shi ba, don ban taɓa samun taron masu saurare ba. Ranar da na samu, na saki. Ku masu rubutu, na san neman abinci kuke, kuma masu karatu ba sa ƙoshi, amma idan tsohuwa ta ba ku labari mai daɗi ƙwarai, ku tambaye ta na waye, kuma mai shi yana raye ko ya mutu. Canza suna da gari ba ya ɓoye mutum ga kansa. Ku kuma 'yan'uwana masu shiga ɗakunan mutane, ungozoma da mai kitso da mai wankan gawa, abin da aka faɗa mana ajiya ce aka ba mu, ko ta shekara nawa a hannunmu ba ta zama tamu ba. Ni na bayar da ta wani don a ce tsohuwa ta iya labari, an kuwa faɗa, har yau ana faɗa.