Cokalin yaji da sarƙar keke

Abin da na fara gani da muka hau benen shi ne sarƙar kulle keke mai jan roba, rataye a hannun ƙofa. Ina ajin farko na babbar sakandare a lokacin. Yayana ne shugaban ƙungiyar ɗaliban Arewa a jami'arsu, shi ya roƙi Umma ta bar ni in bi shi walimar tarbar sababbin ɗalibai. Da la'asar aka yi ta, a saman wani gidan abinci kusa da titin Guangyuan Xilu, a garin Sinawa da muke zaune.

Na sami kujera a lungu na zauna. Bara, in ji ɗaliban, samari daga kasuwa sun kutso sun cinye shinkafar, don haka bana Yaya ya ce dole ƙofa ta zama a kulle. Da abokinsa zai fita sayo ƙanƙara, sai ya ɗaure ta da sarƙar ta waje ya tafi da makullin.

Al'adarsu ce duk sabon ɗalibi ya haɗiye cokali guda na man yajin Sinawa, sannan a tafa masa a kira shi ɗan gari. Ba don mugunta suke yi ba. Na ga yadda suke rungume wanda ya haɗiye, kamar ƙaninsu ne ya iso daga gida.

Layi ya zo kan wata 'yar Zariya mai shuɗin mayafi. Tun zuwanta na lura da abin shaƙar asma a bakin jakarta.

"Ina da asma fa," ta ce.

"Yau kowa da tasa asmar!" wani ya amsa, aka fashe da dariya. "Hajiya, ko a kawo miki nono?"

Ta haɗiye. Tari ya sarƙe ta, ta shaƙi maganin, numfashin bai dawo daidai ba. Yaya ya ruga ya ja ƙofa, sarƙa ta riƙe. Suka yi ta duka suna kiran mai gidan abincin, "Laoban! Laoban!", har ya hauro da almakashin ƙarfe ya datse ta.

A asibiti numfashinta ya daidaita. A bakin ƙofar ɗakin kuwa na ji 'yan ƙungiyar sun tsayar da magana: in jami'a ta tambaya, a ce ita ta ci da kanta, kada a rufe ƙungiyar. Ƙungiyar nan ce ke tarbar su a filin jirgi, ita ke haɗa su a buɗe-baki.

A jirgin ƙasa muna komawa gida, na zauna kusa da Yaya. Jan man yajin ya ɓata masa hannun riga, yana ta murza wurin da yatsa. Ban saba fara yi masa magana ba, sai da muka kusa sauka na iya.

"Yaya, na ji ta faɗa muku tana da asma. Don Allah in an tambaya, kada ka bari a ɗora mata. Ka ce kai ka sa a kulle ƙofar."