Gurbin da Kaka ta bar mini a rigar Baba

Shekaranjiya na buɗe wata tsohuwar roba a ɗakin girki ina neman daddawa, sai na tarar da ragowar man kaɗe a ciki. Ƙamshin ya daki hancina, wannan mai ɗan ƙauri-ƙauri da yaran yanzu ke toshe hanci a kansa. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi na manta da miyar da ke wuta ba. Ni dai in na shaƙi man kaɗe, ba abin da nake gani sai hannuwan kakata a ƙofar ɗakinta, a gidanmu na Ƙofar Kuyambana.

Kaka, mahaifiyar Baba, aikin babbar riga take yi da hannu. A wurin mijinta ta koya, tun mata ba su cika taɓa wannan sana'a ba. Da hantsi za ta shimfiɗa tabarma inda haske ya fi kyau, ta ɗora rigar a cinya, ba ta ɗagowa sai an kira azahar. Fuskarta ta tsufa ta yamutse, amma tafin hannunta laushi kamar na jariri. Tana da doka guda: ba mai taɓa mata zaren alharinin da take ɗinki da shi sai ya ci jarrabawa. Za ta tsinko zare ɗaya ta ja shi a hankali a kan yatsunka da tafin hannunka. In ya wuce sumul, ka zauna. In ya maƙale ya yi gashi, tashi ka ba ta wuri.

Ni kuwa kullum faɗuwa nake. Shekarata goma sha ɗaya, wanke-wanken gidan a kaina yake, da toka muke darje tukwane, ga sanyin asuba. Hannuna kaushi ne zalla, zare bai taɓa wuce yatsa biyu ba.

A wannan shekarar yanar ido ta fara rufe wa Kaka gani. Sai ta daɗe tana laluben kafar allura. Ta ce rigar da take yi wa Baba ta babbar sallah ita ce ta ƙarshe, daga ita ta ajiye allura. Hankalina ya tashi ƙwarai, don na san in aka gama rigar nan ban sa hannu ba, shi ke nan, ba zan taɓa yin ɗinki a gefenta ba. Na dame ta da roƙo har ta gaji.

"To, sarkin naci," ta ce, "in hannunki ya yi laushi kafin in kai ƙasan aljihu, wurin naki ne."

Saura mako shida sallah. Da na bi shawarar da ta sha ba ni, ta shafa mai bayan kowane wanke-wanke, da ƙila na kai. Amma ni tun ina ƙarama ba na son abin da zai ce in jira. Na sha ganin Inna ran Juma'a tana goge dugaduganta da dutsen kaushi, sai na ce ai kaushi kaushi ne, ko a ƙafa ko a hannu. Na saci dutsen, na ɗebi ruwan zafi, na haɗa da sabulun soda na wanki, na ɓuya a bayan rumbu na dirje hannuwana har suka yi ja. Na matse lemon tsami a kai, wai don su yi haske. Ranar farko sun yi santsi suna sheƙi, na ce lallai na fi Kaka dabara. Sai na maimaita kwana uku a jere.

Ran na huɗu, da na zuba ruwan alwala, saura kaɗan in yi ihu. Fatar ta ɗame, gaɓoɓin yatsuna sun tsage, wasu wuraren suna tsattsafo da ruwa. Na ɓoye hannuna cikin mayafi. Tuwon rana ne ya tona ni: ina sa hannu a miyar kuka mai yaji, na yi tsalle na ɓarke da kuka a gaban kowa.

Kaka ba ta dake ni ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta lalubi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ja ni zuwa katangar bayan gida, inda damina ta zaizaye yaɓe har tubali ya fito. Ta ɗora hannuna a wurin.

"Kin taɓa ganin an gyara katanga da kankara? Yaɓe ake ƙara mata. Fatar nan ta sama da kika goge, ita ke riƙe miki damshin jikinki, ita ke tare abin da zai shigo. Kin cire yaɓenki da hannunki, 'yar nan."

Daga ranar ta karɓi jinyata. Ta ɗauke mini wanke-wanke ta ɗora wa yayata, wadda ta yi wata guda tana hararata. Ba sabulu, ba soso, ba ruwan zafi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, kuma ba a gogewa, sai dai a dangwala tsumma. Bayan kowace alwala, tun hannun da sauran damshi, za ta lakato man kaɗe ta narkar da shi a tafinta ta shafa mini, ta ce a busasshiyar fata mai zama kawai yake yi a sama. Bayan la'asar, in ta naɗe rigar ta ajiye nesa da maiƙo, sai ta naɗe mini hannuwan da yagaggen farin zane. In ta ji ina ɓamɓarar ɓawon, sai ta buge mini gwiwa da mafici.

Kowace Juma'a tana jan zare a hannuna, kowace Juma'a yana maƙalewa. Raɗaɗin ya tafi, tsagar ta haɗe, amma fata ba ta san gaggawa ba. Ina zaune ina kallon aikin yana gangarowa daga wuya zuwa aljihu, zuciyata tana ƙuna. Ran jajibere da la'asar ta yi mini jarrabawar ƙarshe. Zaren ya wuce yatsu huɗu, ya zo babban yatsa ya maƙale. Na ce ta yi mini afuwa, ai guda ɗaya ne. Ta ce a'a. Na shige ɗakin Inna na yi kuka har na ƙi cin abinci, na kuma rantse a raina na daina kula ta.

Da safiyar sallah Baba ya fito cikin rigar, tana ɗaukar ido. Sai Inna ta ce, "Malam, tsaya, ba a ƙarasa nan ba." A ƙasan aljihu akwai wuri kamar faɗin tafin hannu, babu zare ko ɗaya, sai layin zanen da aka yi da tawada. Baba ya dubi mahaifiyarsa.

"Iya, in aka tambaye ni a filin idi fa?"

"Ka ce mai aikin wurin ba ta warke ba tukuna."

Baba ya yi murmushi, ya gyara hularsa, ya fita da ita a haka. Mutumin da ko zare bai yarda ya gani yana reto a tufarsa ba. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa har ya sha kwana, kunya da daɗi sun cika ni.

Bayan mako biyu zaren ya wuce sumul. Kwana tara na yi a gefenta ina cike gurbin. Lokacin idon ya kusa rufewa gaba ɗaya, da yatsa take duba mini. Da na gama ta shafa ta ce ya karkace, amma a bar shi. Ba ta ƙara riƙe allura ba.

Yau gidan namu an yi masa siminti, ba mai yin yaɓe, aikin riga kuma inji ya cinye yawancinsa. 'Yata da ke jami'a ta dawo hutu da kwalabe sun fi bakwai, na goge fuska da na saɓule fata, duk daga abin da take gani a waya. Kumatunta sun yi ja suna ɓarewa, ko ruwa ya taɓa sai ta yi tsaki. Likitar fata da na kai ta wurinta ta ce ta ajiye su duka, ta riƙa shafa mai marar turare tun fuskar da damshi, ta yi haƙuri. Na yi dariya a ofishin har likitar ta dube ni.

Shekaranjiyan nan, bayan na sauke miyar da ta kama, na kira 'yar tawa na narkar da man kaɗen a tafina na shafa mata. Ta ɓata rai, ta ce bikin ƙawarta saura kwana goma, yaushe za ta warke? Na ce ban sani ba. Na buɗe akwati na ciro rigar Baba, Allah ya jiƙansa, na kama yatsanta na ɗora a ƙasan aljihu, inda ɗinkin ya karkace. Ta ce wane ne ya ɓata wannan kyakkyawan aiki haka. Na ce ni ce, kuma jira na aka yi.