Gunvor Brenden, Mai Hatimin Katakon Kwarinmu

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, labari ya iso mana cewa Gunvor Brenden ta rasu a gidanta na bakin kogi, bayan doguwar jinya. Mun san za a rina, amma jikinmu ya yi sanyi.

Gunvor, duk faɗin kwarin nan ke kaɗai hukuma ta ba izinin duba katakon dajinmu. Doka ta ce katakon da zai ɗauki rufin gida sai da hatimi, hatimin kuwa yana aljihunki, kuma ba ki da saurin fito da shi. An sha yi miki tsegumi a kan haka, ko a jikinki.

Kafin mijina Torleif ya rasu, ya sare itatuwa a gangaren arewa da tsakiyar hunturu, yadda iyayenmu ke yi, ya ce na gidan 'yarmu Ashild ne. A kakar da ta wuce gini ya kai rufi, dusar ƙanƙara na tafe, katako ba hatimi. In ba ki zo ba, sai dai Ashild ta sayo na kamfani, na mahaifinta ya ruɓe a rumfa. Mun ji nauyin kiranki saboda jikinki. Sai ga ki da kanki, kina dogara sanda.

Kika bi katakon ɗaya bayan ɗaya, ana juya miki, kina zama ki huta. Da kika iso kan babban, wanda Torleif ya fi ji da shi, kika nuna min tsagar da ta bi gurbin reshe, kika girgiza kai.

Na ce, "Haba Gunvor, ko don marigayi."

Kika ce, "Borghild, ƙanƙara ba ta san Torleif ba. Da yana nan, shi zai fara ture shi gefe. Kawo min kofi in sha, kin tsaya kina ta harara."

Sauran duka kin buga musu hatimi. Shi ne aikinki na ƙarshe.

A makon da aka binne ki, ƙanƙara ta taru a kan rufin Ashild har ta kai ƙugun mutum. A gidan na kwana tare da jikokina, kuma ko sau ɗaya ban ɗaga kai na dubi rufin da fargaba ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Eilif da 'ya'yanku, Allah ya ba su haƙuri. Ke kuma Gunvor, Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki, ya ba ki makwanci mai aminci irin wanda kika bar wa jikokina.