Kawu Sale da Ƙamus Mai Warin Kitse

Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Coal Camp da ke Enugu ya san teburin Kawu Sale, ƙanin babana. Shi ne teburin da ƙamus na Turanci ke zaune kusa da sikeli, ya sha kitse har shafukansa sun koma kamar takardar tsire. Kawu bai wuce aji huɗu ba, amma akwai kalma ɗaya da ya riƙe kamar gadon gidanmu: mayhem.

A Enugu, daga ɗan jarida har ɗan okada, da an yi hargitsi sai a ce mayhem. Kawu ba ya yafewa. Sai ya ajiye wuƙa ya buɗe shafin, ya faɗa maka daga tsohon Faransanci ta shiga kotunan Ingila, kuma asalinta laifin nakasa mutum ne, a raba shi da hannu ko ido yadda ba zai iya kare kansa ba. Mai sayen hanta ko ya jira a gama darasi, ko ya tafi ba hanta.

Kun tuna ranar da bijimi ya tsinke igiya ya ratsa kasuwa? Washegari wata jarida ta buga kalmar da manyan haruffa. Kawu ya bi rumfa-rumfa yana duba gaɓoɓin mutane. Mama Ngozi mai tumatir ta nuna masa kwandonta da aka tattake.

"Madam, ido biyu, hannu biyu? To tumatir ne ya ga mayhem, ba ke ba."

Da tsintsiya ta rako shi har teburinsa.

Mun daɗe muna masa dariya, har wata Juma'a da jita-jita ta zo cewa an taɓa ’yan Arewa a Onitsha, kuma ana tahowa kanmu. Samarin mahauta muka zari wuƙaƙe, ni ne a gaba. Muka iske Kawu ya tare ƙofar mayanka da ƙamus a hammata. Ya tambaya ko akwai wanda ya gani da idonsa. Babu. Na ce masa yau ba ranar darasi ba ce.

Sai ya ɗaga hannunsa na hagu, mai yatsu biyu, wanda duk muka ɗauka wuƙar fawa ce ta cinye sauran.

"A wani rikici aka yi min wannan, kafin a haife ku, kuma da 'an ce' aka fara. Na san ma'anar kalmar nan tun ban sayi ƙamus ba. Yanzu surutu ne kawai. In kuka fita, ku ne za ku mai da ita gaskiya."

Muka mayar da wuƙaƙe. Kafin la'asar aka gano faɗan direbobi biyu ne a tasha.

Ƙamus ɗin yana teburina yanzu, nakan buɗe shi da yatsuna goma cif. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya tashe shi da hannunsa cikakke.