Takardar Lubna

Malam Yunusu Ghali ya shekara ashirin da shida yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a unguwar Chagoua. Kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Chari, ya zauna yana ɗinkin hula har ya mutu. Jikan bai gaji allura ba. Da Faransanci yake koyarwa, da Larabci yake faɗa, Hausa kuwa sai a gida.

Akwai babin da yake ji da shi, wanda ake ɗora lissafi a kan lissafi, harafin x a sama, wani x a ƙasa. Kullum yana gargaɗin ɗalibai kada su soke na sama da na ƙasa idan akwai alamar tarawa a tsakani, kullum kuma sai sun soke. Daga nan ya wuce zuwa yadda abu ke raguwa idan wani ya ƙaru: magina huɗu kwana goma, magina takwas kwana biyar.

Al'adarsa, kamar ta malaman da suka koyar da shi, ita ce raba takardun jarrabawa daga na ƙarshe zuwa na farko, ya kira suna, ya faɗi maki, ya ƙara da 'yar baƙar magana, aji ya yi dariya. Wata Litinin a farkon shekarar 2022 takardar farko a hannunsa ta Lubna Ilyasu ce, uku cikin ashirin. Ta soke x a kowace tambaya. Ya kira sunan, ya ce ko ta tafi soke wani abin ne a waje. Ba wanda ya yi dariya. Ya sake kira. Can wata yarinya a bencin baya ta ce an binne Lubna ranar Asabar, zazzaɓi ne, kwana biyu kawai ta yi.

Ya sa takardar a jaka. Tun daga ranar a kife yake miƙa takardu, ba ya faɗin maki. Duk shekara idan babin ya zo, yakan tsaya da alli a hannu yana kallon benci na uku ta gefen taga, wurin zaman Lubna, ko wa ke zaune a wurin.

A ƙarshen shekarar da ta rasu ambaliya ta ci gidan su Lubna a unguwar Toukra. Mahaifinta Alhaji Ilyasu, mai sayar da buhunan wofi, ya aiko cewa ruwa ya tafi da littattafanta duka, ko makaranta tana da wani abu mai rubutun hannunta? Malam Yunusu ya ce zai duba. Ya yi shekara biyu yana dubawa. Takardar tana nan a jakarsa, amma ya yi rubutu da jan biro a kanta, daga wannan gefe zuwa wancan, bisa rubutun yarinyar. Ba ta yankuwa, ba ta goguwa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya hau babur ya tafi Toukra. Ya sami Alhaji a ƙofar gida a kan tabarma. Dattijon ya karɓi takardar da hannu biyu, ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Larabci yake karantawa, boko bai yi ba. Ya ce haka take rubuta bakwai tun tana ƙarama, da doguwar wutsiya. Sannan yatsansa ya tsaya a kan jan.

"Wannan naka ne, Malam? Me ka ce mata?"

Malam Yunusu ya san da ya ce yabo ne za a yarda. Ya kuma san akwai ƙannenta a gidan da ke zuwa makaranta.

"Cewa na yi ta koma kasuwa, Alhaji, nan ba wurinta ba ne."

Alhaji ya tambaya ko ta gani. Malam ya ce a'a, ba ta kai ga gani ba.

"Alhamdu lillahi," in ji dattijon. "Ita a gida cewa take kai ne malamin da ta fi so."

Ya ninke takardar yadda jan zai shige ciki, ya sa a aljihun gaba, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa Malam ruwa.