Kaza Ta Taka, Aka Ce Na Warke

Wata Asabar ce, a daminar da nake aji biyar na firamare. Mun kora awaki kan dutsen bayan gidanmu a Dabai, muna tseren gangarowa kamar kullum, sai ƙafata ta dama ta faɗa tsagin dutse, jikina ya wuce, ita ta tsaya. Da aka ciro ni, tafin ƙafar gefe yake kallo, ƙashi ya hudo fata a idon sawu, fari fat.

Babana tsohon soja ne, yayyena biyu suna bariki, ni ma tun ina rarrafe aka gama zaɓa mini aiki. Kullum da safe kafin mu tafi gona sai ya sa ni fareti a tsakar gida, ƙotar fartanya a kafaɗa. Asibiti kuwa, a faɗarsa, "yanke ƙafa kawai suka iya," kuma gurgu ba ya shiga soja. Sai aka kira mai ɗori. Ya ja, ya murɗa, ya ɗaure da kara da tsumma, sannan ya kama kazar innata ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure. Ya ce ranar da kaza ta taka, yaro ya warke.

Sati uku kaza ta taka. Baba ya tsayar da ni ya ce, "Kaza ma ta yi, kai ɗan soja za ka tsaya raki?" Na taka. Kwana huɗu ina takawa, har ɗakin ya fara wari. Inna ta kwance tsumman, ta gani, ba ta nemi izinin kowa ba ta nemo mota.

Sau uku aka shiga da ni ɗakin tiyata a Sakkwato. Likita ya kankare ƙashin da ya ruɓe, ya haɗe gaɓar da ƙusoshin ƙarfe. Ƙafa ta tsira, amma ba ta ƙara lanƙwasawa ba. Da muka dawo gida Baba bai sake tashina da safe ba, kuma har ya mutu bai ce mini yi haƙuri ba.

Yanzu in yaro ya karye, kafin jini ya bushe an ɗora shi a babur, an ɗauki hoton ƙashi, bayan wata biyu ka gan shi yana buga ƙwallo. Ni ina zaune bakin titi a Zuru ina facin taya, ina kallonsu. Har yau ban san ko ina son sojan ba. Ba a bar ni na kai inda zan ƙi ba.